Kafin ka cire WhatsApp ko ka saida salula, ga yadda ake kwashe sauran kayanka daga ciki

Jama'a, danna hoton WhatsApp ka riƙe sannan ka taɓa Désinstaller, wannan ba shi ne sharewa ba. Manhajar kawai ka cire. Kont ɗinka na nan wajen kamfanin da lambarka da hotonka, kana nan cikin duk gurup ɗin da kake, mutane na ci gaba da turo maka saƙo suna ganin alama ɗaya suna cewa ƙila rezo ne babu inda kake. Hotuna da bidiyo da vokal kuma suna iya zama kwance, wasu cikin salular, wasu a kart memuwar, wasu can a Google Drive. Kamar mai shago ne a babbar kasuwa ya sauke allon sunansa ya tahi gida, ƙofa a buɗe, kaya na ciki har da littafin bashi.

Kuma mu nan Maradi ka tsaya ka tuna mi ke cikin WhatsApp ɗin mutum ɗaya. Hoton resi na kuɗin da aka turo ta NITA ko Amana, hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya da ka tura wa wani don a cika maka takarda, vokal na ciniki da abokin hulɗa na Kano ko Kwatano inda kuka faɗi farashi da ranar da mota za ta taso, hotunan biki da na suna, matan gida ba lulluɓi suna tura wa juna ɗinki da lalle, takardar asibiti, rigimar gado ta dangi da aka yi wata biyu ana yi da murya. Duk wanga a salular da za a saida jika talatin ko a miƙa wa ƙane ya riƙa kallon ƙwallo.

Abu mafi muhimmanci a aikin shi ne jeri. Cire manhajar shi ne kusan na ƙarshe, ba na farko ba, saboda maɓallan da za ka yi sharar da su duk a cikinta suke, in ka riga ka cire sai ka sake saukowa da ita ka ƙona mega, ka jira kod, in kuma pis ɗin ba ya hannunka to ka shiga uku.

Da farko ka san mi kake son yi, don mutane suna cakuɗa abu uku. Akwai wanda salula kawai zai canza, lambarsa na nan. Kai kada ka kuskura ka taɓa goge kont, ba ruwanka da shi, za ka kwashe hirarka ne zuwa sabuwa sannan ka wanke tsohuwar, wato ka mayar da ita yadda ta fito daga kwali. Akwai wanda lambar ce zai bari, misali ya gaji da wani layi ya koma Airtel ko Moov ko Zamani, ko masu zirga-zirgar Ɗan Isa da Jibiya da ke da layin Najeriya mai +234 yanzu suna son komawa kan na gida mai +227. Shi kuma akwai abin da aka yi dominsa, Paramètres, Compte, Changer de numéro, ya sa tsohuwa ya sa sabuwa, gurup-gurup da hoto su bi shi, kont ɗin tsohuwar lambar ya mutu. Sai na uku wanda ya ce shi ya gama da WhatsApp gaba ɗaya, ko yana da biyu zai kashe ɗaya. Wanga shi ne mai goge kont.

Maganar barin lamba ɗin nan kada a raina ta. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya yana sake saida wa wani, kuma WhatsApp lamba ya sani, bai san fuska ba. Masu WhatsApp da kansu sun ce in kont ya yi kwana 45 ba a taɓa shi ba sannan aka buɗe lambar a wata salula, suna ɗauka sabon mutum ne su share tsohon bayani, kuma kont ɗin da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba galibi suna goge shi. To amma har yanzu lambar na cikin salular ƙawayenki da sunanki, Hajiya, wata rana ɗaya daga ciki za ta tashi ta yi vokal na minti biyar tana zuba sirrinta, wani ƙato a Tasawa yana saurare. Shi ya sa Changer de numéro ke tambaya ko a sanar da mutanenka, ka ce e.

Yanzu ajiya. Kafin a share komi a fitar da abin da ba a son rasawa. In sabuwar salula na hannu kuma duka biyun Android ne, mafi sauƙi shi ne Paramètres, Discussions, Transférer les discussions, sabuwar ta nuna wancan zanen murabba'i na QR tsohuwar ta ɗauka, su biyun a kusa da juna da caji sosai, hirar ta wuce kai tsaye ba sai ta bi ta Google ba, mega ɗinka ya huta. In kuma sai ka saida wannan za ka sayi waccan, to sai Sauvegarde des discussions zuwa Google Drive, amma ka tabbata ka san adireshin Gmail ɗin da kalmar sirrinsa. Nan ne ake kuka. Mutane da yawa a rumfar mai gyara aka buɗe masu Gmail ranar da suka sayi salular, yaron ya rubuta abin da ya ga dama ya ce Alhaji an gama, shekara uku ba wanda ya sake tambaya. Ka gyara wannan tun salular na hannunka tana karɓar saƙo. Kuma ka sani ajiyar WhatsApp yanzu tana cin wuri cikin giga 15 ɗin da Google ke ba kowa kyauta, in ka cusa bidiyo ciki zai iya cika ta tsaya a hanya.

Mai goge kont gaba ɗaya, Drive ba zai yi maka amfani ba don ajiyar tana tahiya tare da kont ɗin. Kai sai ka bi hirar da ke da muhimmanci ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe ta, ɗigo uku na sama, Plus, Exporter la discussion, ka tura wa kanka ta imel. Ba hotuna yana ɗaukar saƙo har 40,000 na baya-bayan nan, da hotuna kuma 10,000. Ni dai shawarata duk wanda kuke da lissafin kuɗi tsakaninku, bashi ne ko adashe ko kayan da ba a gama biya ba, ka fitar da hirarsa ko da kana ganin amana ta yi amana. Hotunan iyali kuma a kwafe su zuwa kwamfuta ko wani kart memuwar na daban wanda ba zai bi salular ba.

Sai ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa. Ɗigo uku, Appareils connectés, ka diba ko akwai wata na'ura da ke jone da kont ɗinka, WhatsApp na yarda da har 4. Wanda ya taɓa zuwa wajen masu buga takardu aka ce ya nuna salula ga kwamfuta don a ciro fishiye, sau da yawa yana tashi ya tahi bai fita ba, ka taɓa kowace ka danna Se déconnecter. Na biyu in kai ne admin na wani gurup, na unguwa ko na 'yan makaranta ko na masallaci, ka naɗa wanda ka yarda da shi kafin ka fita, in kai kaɗai ne admin ka fice haka nan manhajar ce za ta zaɓi wani da ka, tana iya faɗawa kan wanda kullum shi ke tada rigima.

To goge kont ɗin kansa ba wuya. Paramètres, Compte, Supprimer le compte, ka zaɓi ƙasa, ka rubuta lambarka, zai tambaye ka dalili kana iya tsallakewa, ka tabbatar. Ana buƙatar koneksiyon. Da ka yi, an fitar da kai daga duk gurup, tarihin hirarka ya tahi, ajiyar Google Drive ta tahi, kuma ba a dawowa, ko ka sake buɗewa da lambar nan sabon kont ne fanko. Kamfanin ya ce sharewar daga wajensu tana iya ɗaukar har kwana 90. Abin da ba ya tahiya shi ne abin da ka riga ka tura wa mutane, yana cikin salularsu, nasu ne yanzu. Supprimer pour tout le monde kusan kwana biyu kacal yake ba ka bayan ka tura saƙo, in ya wuce sai dai ka kira mutum ka roƙe shi ya goge, shi ma in ya ga dama.

Yanzu ne za ka cire manhajar. Kuma a nan ka buɗe ido, a Android na zamani in ka danna Désinstaller wani ɗan akwati na fitowa yana tambaya ko a bar maka bayanan manhajar, zai rubuta Conserver da yawan mega ɗin. Kada ka sa masa alama. Wanda ya sa alama ya ce a ajiye masa duk abin da yake ƙoƙarin sharewa kenan.

Daga nan aikin gaske ya fara, farautar abin da ya rage. Ka buɗe manhajar fishiye, a wasu saluloli sunanta Gestionnaire de fichiers, a Samsung Mes fichiers, wasu kuma Files na Google. Ka shiga Stockage interne. In salular tsohuwa ce, Android 10 zuwa ƙasa, za ka ga dosiye mai suna WhatsApp a fili cikin jerin, kuma wanga cire manhaja ba ya taɓa shi ko kaɗan, yana nan yadda yake. In Android 11 ce zuwa sama hanyarsa ita ce Android, media, com.whatsapp, na WhatsApp Business kuma com.whatsapp.w4b. Ka diba wuraren biyu duka, don salular da aka yi wa sabuntawa a hanya tana iya samun tsoho da sabo.

Ka ɗan shiga ciki kafin ka goge, don ka ga abin da ake magana da idonka. Akwai Databases, ciki za ka ga fishiye masu suna msgstore da kwanan wata a jiki, ƙarshensu crypt14 ko makamancin haka, wannan ita ce ajiyar da WhatsApp ke yi da kansa kowane dare ƙarfe 2 kana barci. Su a kulle suke, ba kowa ke iya buɗewa ba. Amma Media ba kulle ba komi. WhatsApp Images, WhatsApp Video, WhatsApp Documents, WhatsApp Audio, sai WhatsApp Voice Notes wanda shi ne ya fi ba ni tsoro, ƙananan dosiye ne jere da lambobi, kowane cike da fishiye masu ƙarewa da opus, ka taɓa ɗaya kawai sai ka ji muryar innarka tana cewa ka gaida yara, ko muryarka kai kanka kana faɗa wa wani inda ka ajiye kuɗi. Ba sa fitowa a galeri shi ya sa mutum ke rantsuwa ya goge komi. Haka cikin Images akwai Sent, hotunan da kai ka tura, su ma galeri ba ya nuna su, akwai kuma Private. In ka je saitin manhajar fishiyen ka kunna Afficher les fichiers masqués za ka ga har da .Statuses, wato statu ɗin mutane da ka kalla kwanan nan. Ba sai ka bi ɗaya-ɗaya ba, ka koma baya ka riƙe babban dosiyen ka goge shi dungurungum.

Sai ka je kwandon shara. Yawancin saluloli yanzu ba sa gogewa nan take, suna kai abu Corbeille ya zauna, a Files na Google da galerin Samsung kwana 30 yake yi yana jiran wanda zai danna Restaurer. Manhajar fishiye na da nata kwandon, galeri na da nasa, Google Photos na da nasa, kowane sai ka shiga ka zubar. Google Photos ɗin ma ka diba shi da kyau, in an taɓa kunna masa ajiya ga dosiyen WhatsApp to hotunan sun hau kont ɗinka na Google, goge na salula ba zai taɓa na can ba.

Wanda ya cire manhaja bai goge kont ba kuma ba ya son ajiyar Drive ta zauna, ya buɗe Drive, layi uku na gefe, Sauvegardes, zai ga WhatsApp da lambarsa, ɗigo uku, Supprimer la sauvegarde. Amma mai jiran sabuwar salula kada ya taɓa wannan sai ya ga hirarsa ta sauka lafiya a can.

Bayan haka akwai 'yan rakiya. Masu Tecno da Infinix da Itel, waɗanda su ne suka cika garin nan, da yawa sun ninka WhatsApp gida biyu da App Twin ko wata manhajar ninkawa, Samsung kuma Dual Messenger, na biyun kont ne mai zaman kansa da wurin ajiyarsa daban, sai ka maimaita masa duk abin da ka yi wa na farko. Masu GB WhatsApp da ire-irensa, dosiyenku sunansa daban ne, ku neme shi da sunan manhajar, kuma gaskiya tunda ba kamfanin ne ya yi su ba ba wanda zai ba ka tabbacin inda bayananka suka bi, ka goge abin da hannunka ya kai kawai. Sai dosiyen Xender inda duk abin da aka taɓa tura maka a majalisa yake, da Download, da Screenshots inda hoton hirar da ka ɗauka don kafa hujja yake zaune, da Bluetooth. Telegram kuma nasa tsarin daban ne, hirar a wajensu take ba a salularka ba, ka cire shi ka dawo bayan wata ka sa lamba komi zai dawo, don haka shi ma daga cikin saitinsa ake goge kont. Messenger a ɗaure yake da kont ɗin Facebook, cire shi ba ya rage komi.

In salular za ta ci gaba da zama a hannunka, nan ka gama. In kuma za ta fita daga hannunka, ko da ɗanka za ka ba, to duk abin da na lissafa bai wadatar ba sai an mayar da ita yadda ta fito daga kwali. Amma kafin nan ka cire kont ɗin Google, Paramètres, Comptes, ka taɓa Gmail ɗin, Supprimer le compte, wannan daga salular kawai yake cire shi, kont ɗin na nan. Dalili shi ne tun Android 5.1 akwai kariyar sata, in aka wanke salula ta hanyar maɓallan gefe alhali kont na ciki, tana tashi za ta ce sai an sa tsohon Gmail da kalmar sirrinsa. Ka ga mai saye ya hau kabu-kabu ya biyo ka har gida da la'asar yana cewa maigida kayan nan da ka saida mani a kulle suke, ƙarshe ka karanta masa kalmar sirrinka a ƙofar gida ya tahi da ita. Bayan ka cire, sai Paramètres, Système, Options de réinitialisation, Effacer toutes les données, a Samsung yana ƙarƙashin Gestion globale. A sa caji ya haura rabi kafin a fara.

Salulolin da suka fito da Android 10 zuwa sama a kulle bayanansu suke tun daga masana'anta, in aka wanke mabuɗin ya lalace, abin da ya rage ba ya karantuwa. Tsofaffin ne abin lura, waɗanda ba a kulle ba, da manhajar dawo da hotuna ana iya tono wani abu ko bayan wanki. In irinta gare ka, ka diba cikin Sécurité ko akwai Chiffrer le téléphone ka yi shi kafin wankin, in babu to bayan ka wanke ka kunna kamara ka kifa ta a kan tabarma ta yi ta ɗaukar bidiyo har wuri ya cika, ka sake wankewa, sabon ya hau kan tsohon.

Kart memuwar kuwa wanki ba ya taɓa shi sai in ka zaɓa da kanka. Ni ban ga dalilin saida salula da shi a ciki ba, ka zare abinka, mai saye ya ce Alhaji a bar mani mana ka ce masa na kasuwa bai ƙare ba. Pis ma haka, a zare duka biyun, akwai lambobin mutane a kai kuma ta nan kod ɗin WhatsApp da saƙon Airtel Money ke shigowa. Masu iPhone a taƙaice, Décharger l'app ba gogewa ba ne, Supprimer l'app za ka zaɓa, ka share ajiyar WhatsApp a iCloud, ka zubar da Supprimés récemment cikin Photos, ka fita daga kont ɗin Apple kafin ka wanke.

Saura wanda salular ba ta hannunsa, an sace ko ta faɗi a tasha. Ka je ajans na kamfanin layinka da katin shaidarka a rufe tsohon pis a ba ka sabo da lambar nan, ka buɗe WhatsApp a wata salula, da kod mai lamba 6 ya shigo ka sa, waccan ta fita da kanta. Wannan ya hana a yi magana da sunanka amma bai goge hotuna da vokal da ke cikin waccan ba. Don su sai ka shiga android.com/find da Gmail ɗin da ke kan salular ka ba da umarnin a share ta, zai yi aiki ne lokacin da ta hau intanet. Daga nan ka kunna Vérification en deux étapes a sabuwar, lamba 6 da kai kaɗai ka sani, ka haɗa da imel ɗin da kake iya buɗewa. Wadda gilashinta ya mutu kuma kana son saida wa masu gyara su ciri kaya, ka tuna allo ne ya mutu, cikinta lafiya lau, ana ɗora mata wani gilashin komi zai bayyana. Ka ce wa mai gyaran ya jona mata gilashin gwaji na minti goma kana tsaye a wurin, ka biya shi ladansa, ka cire Gmail ka wanke ta da hannunka, sannan ku yi cinikin gawar.